Ihun 'Yan Kallo: Nazari a kan Hargitsin Fage a Kokawar Japan da Kokawar Gabashin Sakkwato

Gabatarwa

Masu nazarin wasannin gargajiya na Hausa sun fi mai da hankali ga abubuwa uku, watau ɗan wasa, da makaɗinsa, da kirarin da ke tsakaninsu. Ba safai ake waiwayar mutanen da suka kewaye fage ba, alhali kuwa in babu su babu wasan, don ba a taɓa jin wanda ya yi kaye a cikin ɗaki ya fito ya ce shi ne sarkin kokawa ba. Wannan maƙala za ta dubi 'yan kallo ne, musamman halinsu a sa'ad da fage ya yamutse. Za a ɗauko misali biyu daga kokawar sana'a ta ƙasar Japan, wadda irinta ce samari ke kallo a wayoyinsu da gidajen kallo, sa'an nan a auna su da kokawar kaka ta ƙauyukan ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo, irin su Lahodu. Abin da ake son nunawa shi ne, ɗan kallo yana iya jure hargitsi, har ma ya ji daɗinsa, amma ba ya yafe wa wanda ya saɓa alkawarin da ya kawo shi fage.

Kokawar Biyu-Biyu

Kokawar da ake magana a kai ana yin ta ne a kan wani dandamali da aka kewaye da igiyoyi. A irin ta biyu-biyu, kowane ɓangare yana da mutum biyu: ɗaya a ciki yana fafatawa, ɗaya a bayan igiya yana jira, ba shi da ikon shiga sai abokinsa ya taɓa hannunsa. Masu shirya wasan su ke tsara wanda zai ci tun kafin a hau dandamali, ko da yake jifan da bugun da jinin da ake gani sau da yawa na gaske ne.

Da irin wannan karo ne wasan ya kafu a Japan. A watan Fabrairu na 1954 Rikidozan, haifaffen Koriya wanda ya taɓa yin kokawar sumo, ya haɗu da gwanin judo Masahiko Kimura suka kara da wasu 'yan'uwa biyu, Ben da Mike Sharpe, waɗanda suka zo daga Amurka. Shekara tara ke nan da faɗuwar Japan a Yaƙin Duniya na Biyu. Jama'a suka yi cincirindo a gaban akwatunan talabijin da aka kafa a tituna, suna kallon nasu yana dukan ƙattin baƙi. Tun daga ranar ɗan kallo ya san abin da ya saya da kuɗinsa: labari ne mai gwarzo da mugu, wanda kuma dole ya kai ƙarshe.

Dare Biyu a Tokiyo

Daren farko shi ne na 15 ga Disamba 1977, a zauren Kuramae. Wa da ƙane, Dory da Terry Funk na jihar Teksas, suka kara da Abdullah the Butcher da The Sheik a wasan ƙarshe na wata gasa da kamfanin Giant Baba ya shirya. Ba a jima ba doka ta bi ruwa. Abdullah ya zaro cokali mai yatsu ya riƙa caka wa Terry a hannu har jini ya wanke shi, aka fitar da shi, aka bar wansa shi kaɗai a hannun mutum biyu. Can sai ga Terry ya komo da hannu a naɗe don ya ceci ɗan'uwansa. Zauren ya ɗauki sowa. Daga bisani alƙalin wasa ya ba 'yan'uwan nasara saboda keta dokar da abokan karawarsu suka yi. Har yau masu sha'awar wasan a Japan suna lissafa wannan dare cikin manyan dararensu.

Akwai abin da mai kallo Bahaushe ya kamata ya lura da shi a nan. Abdullah mutumin Kanada ne aka ce daga Sudan yake, The Sheik kuwa Ba'amurke ne ɗan asalin Labanan da ke shiga irin ta Larabawa. Watau an ari kamannin Baƙar fata da na Balarabe ne aka yi wa mugunta riga. Wannan aibi ne a cikin labarin, ko da ya yi wa masu kallonsa daɗi.

Dare na biyu shi ne na 27 ga Disamba 1987, a zauren Ryogoku. An sayar wa jama'a tikiti a kan cewa Antonio Inoki zai kara da Riki Choshu. Ana cikin taro sai ga ɗan wasan barkwanci Beat Takeshi da jama'arsa sun hau dandamali da wani ƙato mai suna Vader, suna neman Inoki ya kara da shi. Aka sauya tsari nan take, aka tura Choshu cikin karon biyu-biyu. 'Yan kallo suka yi ta ihu a daina, suna jifa da abin da ke hannunsu, 'yan wasa na ta faman kokawa ba mai kula su. Daga ƙarshe Vader ya gama da Inoki cikin abin da bai kai minti uku ba. Jama'a suka yi bore, suka yi ta wurgi da katifun zama, har masu zauren suka hana kamfanin Inoki amfani da shi sai a 1989.

In aka auna dararen nan biyu, za a ga na farko ya fi na biyu jini da keta doka nesa ba kusa ba, amma shi aka yi wa tafi. Dalili kuwa shi ne, hargitsin 1977 yana cikin labarin da aka yi alkawari, kuma ya ƙare da hukunci. Na 1987 daga ofis ya fito: an karɓi kuɗin mutum a kan abu guda, aka miƙa masa wani. Wanda ya ce mutanen nan wawaye ne don suna ihu a kan wasan da aka tsara, bai fahimce su ba. Kowa ya sayi rariya ya san za ta zub da ruwa. Yaron da ke sauraren tatsuniya ya san Gizo ba ya magana, amma in mai ba da ita ta tsaya a tsakiya ta kama wata, sai ya yi mata gardama.

Fagen Kaka a Gabashin Sakkwato

A ƙauyukan da ke bakin fadamar Rima, kamar sauran ƙasar Hausa, lokacin kokawa shi ne kaka, bayan an kai gero rumbu, jiki ya sami ƙarfi, aljihu ya sami ɗan abin kyauta. Fage fili ne mai rairayi, ba igiya ba dandamali. Jikin 'yan kallo shi ne iyakarsa. Ɗan kokawa yakan fito da warki ko bante, da guru da layu, makaɗi ya buga takensa, shi kuma ya yi kirari ya nemi abokin karo.

A nan ma akwai abin da ya yi kama da biyu-biyu, ko da yake ba da wannan suna ba. Ɗan kokawa ba ya zuwa shi kaɗai, da mutanen garinsu yake tafe. In aka ka da shi, wani daga cikinsu yakan tashi ya nemi wanda ya yi kayen don ya rama wa garinsu. Sowar da aka yi wa Terry Funk sa'ad da ya komo ceton wansa, duk wanda ya taɓa ganin ramuwa a fagen ƙauye ya san irinta.

Hargitsi kuwa ba baƙo ba ne. Da an yi kaye sai da'ira ta watse, samari su ruga su ɗaga gwaninsu, mata su rangaɗa guɗa, masu kyauta su yi ta liƙi, ƙura ta turnuƙe, masu tsaron fage su yi ta kora da tsumagiya kafin a sake samun fili. Ba wanda ke komawa gida da fushin wannan. Abin da ke kawo rigima ta gaske iri uku ne: kayen da aka yi gardama a kansa, da ƙaton da aka yi shelar zuwansa ya zo ya ƙi karawa, da karon da aka raba alhali jama'a na ganin kaye ya kusa. Dukansu kuwa saɓa alkawari ne.

Makaɗi shi ne bakin 'yan kallo, shi ne kuma ma'ajin hukuncinsu. Muhammadu Bawa Ɗan'anace, mutumin ƙasar Gandi ta Rabah, ya shahara ne a kiɗan dambe, amma aikinsa ya isa misali. Waƙoƙin da ya yi wa Shago sun rayu ne domin masu saurare sun yarda cewa mazajen da ake ambata sun shiga fage da gaske, kuma wanda aka ce ya faɗi ya faɗi a gaban idon jama'a. Da an taɓa jin cewa haɗa baki ake yi, da waƙar ta zama abin dariya.

Inda Suka Rabu

Alkawarin fagen Japan shi ne labari mai gamsarwa; alkawarin fagen Hausa shi ne kaye na gaskiya. Ɗan kallon Tokiyo mai sukar wasan kwaikwayo ne, yana auna ko an tsara da kyau. Ɗan kallon Lahodu shaida ne, gobe za a tambaye shi a kasuwa wa ya ka da wa, kuma sunan garinsu ya rataya a kan amsarsa. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Wannan bambanci yana da muhimmanci yanzu da wasannin suka zama sana'a. A Jamhuriyar Nijar, tun 1975 da aka fara gasar takobi ta ƙasa a Tawa, inda Kantu na Maradi ya yi nasara, kokawa ta sami filaye ginannu da alƙalai da rubutattun dokoki, kowace jiha tana kawo 'yan kokawa goma. A Nijeriya gidajen dambe suna karɓar kuɗin ƙofa, an kasa 'yan wasa ɓangarori irin su Kudu da Arewa da Guramada, ana sa mota ko babur a gasa, ana ɗaukar hoton karo ana watsawa a intanet. Duk inda kuɗi ya taru haka, mai shirya wasa zai so abin da ke jawo ido: cacar baki, da ture-ture, da gabar da aka ƙirƙira. Aron kwalliyar ba laifi ba ne, don kirari ma kwalliya ce. Haɗarin yana ga aron tushen, watau tsara wanda zai ci. Kokawar Japan tana iya ɗaukar wannan don a kansa aka gina ta. Kokawar Hausa ba ta da wani jari sai gaskiyar kaye.

Kammalawa

An ga cewa 'yan kallo a Tokiyo sun yi wa jini tafi a 1977, sun yi wa sauyin tsari bore a 1987, kuma 'yan kallo a gabashin Sakkwato suna shan ƙurar murna ba gunaguni amma ba su haƙura da kayen da aka murɗe. Saboda haka ya kamata masu nazari su daina ɗaukar ihun jama'a a matsayin hayaniya kawai, su riƙa rubuta shi yadda suke rubuta kirari da take: yaushe aka yi sowa, yaushe aka yi tsit, yaushe aka tashi aka watse. Masu shirya wasa kuma su tuna cewa alkawari kaya ne. Ranar da manomin da ya taka daga ƙauyensu zuwa fage ya fara shakkar abin da idonsa ya gani, ranar ce makaɗi zai rasa wanda zai yi wa waƙa.