Labarin Osimhen da Shekarun da Marubuta Ke Tsallakewa

Duk wanda ya bibiyi abin da ake rubutawa game da ƙuruciyar Victor Osimhen zai tarar zubi ɗaya ake ta maimaitawa. An haife shi a Legas a ƙarshen shekarar 1998, ya tashi a Olusosun, gefen babbar bolar birnin. Mahaifiyarsa ta rasu yana ƙarami, ya yi tallar ruwan leda a cikin cunkoson motoci. Daga nan sai marubuci ya yi tsalle ya dire a ƙasar Chile a 2015, inda yaron ya ci ƙwallo 10 a gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17, Nijeriya ta ɗauki kofi. Sai wani tsallen zuwa Napoli, wadda ya taimaka wa ta lashe gasar Serie A a 2023 bayan jiran shekara 33.

Ba a yi ƙarya a cikin waɗannan ba; aibin yana cikin tsarin. Ɗalibin adabin baka zai gane shi nan take, domin zubin tatsuniyar maraya ne: a tara wa tauraro wahala a farko, a biya shi da sarauta a ƙarshe. A tatsuniya wannan ya halatta, tunda jigonta tarbiyya ce, kuma yaran da ke sauraro sun san ba da gaske ake ba. Tarihin rayayyen mutum kuwa da gaske ake karanta shi, musamman ga samarin da ke buga ƙwallo ba takalmi suna jiran tasu ranar.

Abin da tsallen ke bari a baya shi ne tsakiyar labarin, kuma nan ne namansa yake. Osimhen ya isa Wolfsburg ta Jamus a farkon 2017 yana ɗauke da sunan gwarzon duniya, ya shafe kusan shekara ɗaya da rabi bai ci ƙwallo ko ɗaya a wasan gasa ba. Rauni ya same shi, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da shi. A 2018 ƙungiyoyi biyu na Beljiyam, Zulte Waregem da Club Brugge, suka gwada shi suka ce ba sa so. Charleroi ce ta karɓe shi aro, a can ya ci ƙwallo 20, ƙofar Lille ta Faransa ta buɗe. Matashi mai shekara 19, a ƙasar da ba ya jin yarenta, an ƙi shi sau biyu a jere: marubucin da ya san aikinsa a nan zai zauna ya daɗe. Amma yawanci jimla ɗaya ake ba wa wannan zango, bolar Olusosun kuma ta samu sakin layi uku, domin talauci ya fi rashin nasara daɗin siffantawa.

Babbar illar wannan zubi ita ce yana nuna kamar wahalar ƙuruciya ce ta haifi ɗaukakar, wato wanda ya sha wuya dole ya sha daɗi. Tawagar 2015 ɗin kanta ta ƙaryata haka. Kyautar ɗan wasa mafi ƙwarewa a gasar Chile ba Osimhen ne ya karɓa ba, kyaftin ɗinsu Kelechi Nwakali ne. Arsenal ta saye shi a 2016, bai taɓa buga mata wasan gasa ba, aka yi ta tura shi aro zuwa Holan da Fotugal har ya koma Huesca ta Sifaniya a 2019. Shekarunsu ɗaya, kocinsu ɗaya, Emmanuel Amuneke, kofi ɗaya suka ɗaga. Da wuya ka ga sunan Nwakali a cikin labaran ƙuruciyar Osimhen, sai dai a jerin sunayen da ake rubutawa ƙarƙashin hoton tawagar.