Kafin a Shimfiɗa Katako, a Huda Rufi

Yayin mayar da motar ɗaukar kaya ɗakin kwana ya kankama a Turai da Amurka, har ya zama sana'a mai zaman kanta. Mutum zai sayi tsohuwar Mercedes Sprinter ko Ford Transit ko Fiat Ducato, irin waɗanda kamfanoni suka gama rarraba kaya da su, ya share cikinta, ya sa gado da murhu da firji, ya ɗora faifan sola a rufi, ya kama hanya. Ina son wannan aiki ƙwarai, domin yana haɗa kafinta da mai wayarin da mai walda a jikin mutum ɗaya, kuma yana tilasta masa ya san iyakar bukatarsa. Abin da ke damuna shi ne inda yayin ya dosa. Ado ya yi gaba, iska da waya sun koma baya, alhali su biyun ne ke tsare ran mai kwana a ciki.

Abin ba yau ya fara ba. A 1950 kamfanin Volkswagen ya fito da ƙaramar bas ɗin nan da ake kira Kombi, wadda daga baya ta zama danfo a Legas, kuma a 1951 wani kamfanin Jamus mai suna Westfalia ya soma zuba mata kayan kwana. Turawa masu yawon buɗe ido da suka riƙa keto Sahara a shekarun 1970, daga Tamanrasset zuwa Agadas har su gangaro Damagaram da Kano, da yawansu a irin wannan mota suke tafe. Wutar cikinta ba ta taka kara ta karya ba. Amma tagogi sun zagaye ta, wasu masu falle-fallen gilashi da ake buɗewa ko ana ruwa, sannan a yawancinsu ana ɗaga rufin, yadin tanti ya miƙe a gefe. Iska da kanta take shiga ta fita, ba sai an nemo ta ba.

Sabon yayin kuwa ɗan intanet ne. A 2011 wani matashi, Foster Huntington, ya ajiye aikinsa a New York ya koma zama a mota, ya riƙa sanya hotuna a Instagram da alamar #vanlife. Daga nan abin ya zama ruwan dare, zaman gida na annobar korona a 2020 kuma ya ƙara masa mai. To, abin da aka haifa a hoto, hoto yake bauta wa. Za ka ga an buɗe ƙofofin baya, ga teku ko tsauni a hange, ga bango an lulluɓe shi da katako mai sheƙi, ga 'yan fitilu a jere, ga tukunyar fure a kan kanta. Mai bidiyo zai shafe rabin sa'a yana bayanin launin fenti da hannun durowa, in ya zo kan waya sai ya ɗaga murfin wani akwati a ƙarƙashin gado, ya nuna na ɗan lokaci, ya mayar ya rufe. An bar jaki ana dukan taiki.

Motar ɗaukar kaya akwatin ƙarfe ce, ba don numfashin mutum aka ƙera bayanta ba. Duk wanda ya taɓa zama a shagon kwantena da azahar a watan Afrilu ya san abin da ƙarfe ke yi da rana. Da dare kuma lamarin juyawa yake, ƙarfen ya huce da sauri ya fi iskar ciki sanyi. Mutum biyu da suka kwana suna fitar da ruwa kusan rabin lita ko fiye ta numfashi da gumi. Idan suka kunna murhu suka dafa shayi, kowane kilo na iskar gas da ya ƙone yana barin ruwa fiye da kilo ɗaya da rabi a cikin iska, ban da tururin tukunya. Wannan ruwan duk sai ya nemi wurin sauka. Da safe za a ga gilashin gaba ya jiƙe sharkaf, a sa tsumma a goge, a ɗauka an gama. Wanda ya sauka a bayan katakon nan mai sheƙi, a jikin ƙarfen bodi, babu mai ganinsa balle ya goge. Yana nan yana jiƙa soson da aka cusa don tare sanyi, yana gangarawa kwarin ƙasa inda aka yi walda. Bayan damina ɗaya ko biyu sai wari ya fara tashi, a ɗaga katifa a tarar ƙasanta ya yi baƙi da fumfuna, a ɓamɓare allo ɗaya a ga tsatsa ta ci wuri. Aikin wata shida ke nan za a kwance.

Wannan asarar dukiya ce kawai. Akwai wadda ta fi ta. Duk wutar da ke ci a rufaffen wuri, idan iska ta yi mata kaɗan, tana fitar da gubar nan da ke cikin hayaƙin janareta, wadda ba ta da launi ba ta da wari, kuma jini ya fi kama ta fiye da yadda yake kama iskar numfashi sau ɗari biyu da wani abu. Mu nan ba baƙon labari ba ne, mun sha jin gida guda sun kwanta da janareta a kusa, gari ya waye babu wanda ya tashi. Cikin mota bai kai rabin ƙaramin ɗaki ba. Mutumin da sanyi ya dama, ya rufe ko'ina ya bar murhu a kunne don ya ji ɗumi, da ransa yake wasa bai sani ba. Shi ya sa na'urar ɗumama mota ta gaskiya, irin ta Webasto ko Eberspächer, daga waje take jan iskar da take ƙonawa, waje kuma take mayar da hayaƙinta. Iskar gas ɗin girki ita ma ta fi iskar da muke shaƙa nauyi, in ta tsiyaya ƙasa take kwanciya, don haka wurin ajiye tukunyar gas dole a huda masa ƙofa a daɓen mota. Na'urar da ke ƙara idan guba ta taru kuwa, kuɗinta bai kai na famfon kwalliyar da ake gwadawa a bidiyo ba.

A ganina aikin farko a kan kowace irin wannan mota shi ne huda rufi, tun ba a sayi katako ko ɗaya ba. Na san abin da ke sa mutane jinkiri. Ka hau saman motar da ka zuba kuɗinka, ka zana murabba'i mai faɗin inci 14 ko santimita 40 gwargwadon fankar da ka saya, ka huda kusurwa huɗu, ka sa zarto mai wuta ka yanke, fallen ƙarfe ya faɗa ciki ka hango daɓe ta saman. Babu komawa baya. Sai a goge bakin da zarto ya bi, a share garin ƙarfen tas domin duk wanda ya rage tsatsa zai zama, a shafa fenti, a zagaye da gam mai hana yoyo, a zaunar da fanka a ɗaure. Aikin wuni guda ne, kuma babu wani aiki a cikin motar da ya kai shi amfani. Fankar rufi irin ta MaxxAir, idan aka rage gudunta, ba ta cin ko amfiya ɗaya, ƙaramin batir ma zai kwana da ita.

Sai dai fanka ita kaɗai rabin aiki ce, kuma nan ne da yawa ke tuntuɓe. Ba za ta fitar da iska ba sai wata ta samu hanyar shigowa. Idan fankar tana baya a kan gado, to a sassauta tagar gaba, ko a huda ƙaramar kafa a daɓe a sa mata raga saboda sauro da ƙura, ta yadda iska mai sanyi daga inuwar ƙarƙashin mota za ta ratsa ɗakin ta fice ta sama. Masu son ɓoyewa su ne suka fi shiga wannan matsala, wato masu barin motar babu taga ko ɗaya don a ɗauka ta masu gyaran famfo ce aka ajiye a bakin titi. Ban ga laifinsu ba, domin birane da yawa sun hana kwana a mota, a 2024 ma Kotun Ƙolin Amurka ta ba birane damar hukunta masu kwana a fili. Amma kafar daɓe ba mai ganinta daga waje, babu dalilin barinta.

A ɓangaren wuta kuma yayin wata hanya ya karkata, gasar girman batir. Batirin litiyom ci gaba ne na gaske. Tsohon batirin ruwa in aka riƙa sauke shi ƙasa da rabi ba ya daɗewa, na litiyom kuwa ana shan kusan duka, ga shi bai kai rabin nauyin wancan ba. Da ya yi araha sai mutane suka soma kwaso gida sukutum suna cusawa a mota: murhun lantarki, butar lantarki, injin busar da gashi, har na'urar sanyaya ɗaki. Mu yi lissafi. Butar da ke cin wat 1,500 a gida mai bolt 230 ba ta jan amfiya bakwai. Ita dai wannan buta, idan inbata ce za ta ciyar da ita daga batir mai bolt 12, amfiya 125 za ta ja, har da ɗoriya saboda asarar inbatar. Irin wannan wuta waya mai kaurin yatsa take nema, gajera, mai bakin da aka matse da kayan aiki, ba wanda aka murɗa da filaya aka naɗe da tef ba. Mota kuma girgiza take yi dare da rana, kusoshi na kwancewa, waya na gogar bakin ƙarfe har rigarta ta yage. Abin da ke tsakanin wannan da gobara shi ne fis, a manne kusa da kan batir, daidai da kaurin wayar da yake karewa. Wuta kuma in ta tashi, a ƙarƙashin gado za ta tashi, tsakanin katako da soso.

Litiyom yana da nasa sharuɗɗan. Ba a yi masa caji idan sanyi ya kai na ƙanƙara, yana lalacewa. Ba a kuma jona shi kai tsaye da altanetar mota, domin yana zuƙar wuta har ta yi zafi, sai an sa caja ta musamman a tsakani. Waɗannan bayanai suna rubuce a takardar da ke zuwa da kayan, amma ba su ne ke jawo 'yan kallo ba.

Na'urar sanyaya ɗaki ita ce ta fi ba ni takaici, saboda ita ake kawowa a matsayin maganin zafi maimakon iska. Mu ɗauka tana cin wat 600. Sa'a takwas na barci ya kama 4,800, wato batir huɗu masu amfiya 100 a cike, a tatse su ƙaf. Rufin da ya ɗauki sola ta wat 400, ko ya samu sa'a biyar na tsakar rana, 2,000 zai bayar a takarda, a zahiri kuma ƙasa da haka, tunda faifan sola ƙarfinsa raguwa yake in ya yi zafi, kuma dole a ajiye motar a rana kafin ya yi aiki, ranar da ake gudu ke nan. Kwalliya ba ta biyan kuɗin sabulu. Farin fenti a rufi, labule mai mayar da haske a gilashi, inuwar bishiya da fanka mai hanyar iska sun fi dacewa da abin da mota za ta iya ɗauka.

Da a ce masu kuɗi ne kawai ke wannan harka don hutun ƙarshen mako, da ban damu haka ba. Amma littafin Jessica Bruder mai suna Nomadland, na 2017, da fim ɗin da Chloé Zhao ta yi daga gare shi wanda ya ci kyautar Oscar a 2021, sun nuna wa duniya ɗaya ɓangaren: dattawan Amurka da kuɗin haya ya fi ƙarfinsu, suka koma mota, suna bin aikin wucin gadi daga jiha zuwa jiha, suna taruwa a Quartzsite ta jihar Arizona lokacin sanyi. Irin waɗannan ba su da kuɗin kwance aiki su sake. Ɗan abin da ke hannunsu sau ɗaya za su kashe shi, kuma daga bidiyon intanet suke koyon inda za su sa shi. Wanda ya koya musu cewa bangon katako ne farko, fanka da fis daga baya in kuɗi ya ragu, ya ɗauki alhakinsu.

Yayin zai iya isowa gare mu. A 2024 Pelumi Nubi ta tuƙo ƙaramar Peugeot 107 daga Landan zuwa Legas, tana kwana a cikinta, matasa da yawa kuma sun bi tafiyar a waya. Masu haɗa sola da inbata sun cika garuruwanmu, masu walda da kafintoci ba a magana. Idan wani ya kawo musu Hiace ya nuna hoton da ya gani ya ce irin wannan yake so, ina fatan za su tuna cewa an tsara wancan hoton ne don ƙasar da sanyi ke damu, mu kuwa zafi da ƙurar hunturu da sauro ne namu. Mai aikin ya fara tambayarsa mutum nawa za su kwana, a ina za a yi girki, me da me za a kunna kuma na sa'a nawa. Daga amsar ne za a san girman batir da kaurin waya da inda za a huda rufi da daɓe, a gwada komai motar tana fanko, a kwana a ciki dare ɗaya a gani, sannan a kira kafinta.