Samanja a Kudancin Kano: Wasan da Ya Shigar da Soja Cikin Gida

A watan Nuwamba na 2023 Allah Ya karɓi ran Usman Baba Pategi a Kaduna, bayan ya haura shekara 80 a duniya. Idan ka ambaci wannan suna a majalisar dattawa a Bebeji ko Tudun Wadan Ɗankadai, wataƙila a ɗan yi jim ana tunani. Ce musu Samanja, nan take fuskoki za su washe, wani ma ya miƙe yana kwaikwayon tsawarsa. Banufe ne daga gidan sarautar Pategi a Jihar Kwara ta yau, ma'aikacin gidan rediyon Kaduna, wanda ya sa kakin soja na gaske a zamanin yaƙin basasa. Abin da idonsa ya gane masa a bariki shi ya mayar Samanja Mazan Fama, wasan da aka saurara a rediyo aka kuma kalla a talabijin ta Kaduna a shekarun 1970 da 1980.

Kafin a yi wa wasan hukunci, ya kamata a tuna yadda aka kalle shi a ƙauyukanmu. Akwatin talabijin ba kayan kowa ba ne. Mai hali ɗaya ne a unguwa zai fito da tasa baƙi-da-fari ƙofar gida bayan sallar isha'i, inda babu lantarki a jona ta da batirin mota, a kafa eriya a kan doguwar gora, a sa yaro yana juya ta har hoto ya daina rawa. Yara a gaba kan tabarma, magidanta a baya, mata suna leƙe daga soro. Mutane da yawa ma muryar suka fara sani ta Rediyon Kaduna kafin su ga fuskar. Wannan zama shi ya tsara wa masu wasan iyakarsu. Abin da za a kalla uba da ɗa suna wuri guda, suruki yana gefe, dole ya ba da dariya ba tare da an sunkuyar da kai ba. Na ɗauki wannan a matsayin gwaninta, domin sa mutum dariya da batsa abu ne mai sauƙi, sa shi dariya a gaban mahaifinsa kuwa sai wanda ya iya.

Ƙarfin wasan yana cikin muƙamin da Pategi ya zaɓa. Samanja ba hafsa ba ne, ba kuma kurtu ba. Yana tsakiya: ya daka wa na ƙasa tsawa har gwiwarsu ta yi sanyi, hafsa ya ɓullo ya ƙame yana sara masa, sannan ya koma gida inda babu mai sara wa kowa. A can cefane yake jiransa, da ƙorafin uwargida, da rigimar maƙwabta, da ɗawainiyar ƙananan sojoji irin su Mutuwa Dole waɗanda matsalarsu ba ta ƙarewa a filin fareti. Duk magidanci ya san wannan hali. Malamin firamare a Kiru yana da hedimasta a kansa, ɗalibai a ƙarƙashinsa, iyali a gabansa. Haka dagaci yake tsakanin hakimi da talakawa. Abin da muke yi wa dariya a jikin Samanja namu ne, kaki kawai aka sa masa.

A tuna da zamanin kuma. Daga 1966 zuwa 1979 soja ke mulkin ƙasar nan, suka dawo a ƙarshen 1983, kuma a 1984 aka ƙaddamar da Yaƙi da Rashin Ɗa'a, lokacin da bulala take daidaita layi a tasha. Talaka ya san soja a shingen hanya, da bindiga da ɗaure fuska. Sai ga wani yana nuna masa sojan nan a tsakar gidansa, yana fushi, yana kuskure, yana neman sulhu. Akwai masu cewa wasan ya wanke wa soja fuska ne, ya sa aka yi ta dariya a lokacin da ya kamata a yi tambaya. Maganar tana da ƙamshin gaskiya, domin gidan talabijin na gwamnati ne, ba kuma za a bar kowa ya taɓa manyan hafsoshi ba. Amma ni ina ganin wanda ya yi wa kaki dariya sau ɗaya ya rage jin tsoronsa, kuma wannan ba ƙaramin abu ba ne a wancan lokaci.

Sai harshe, wanda a nan ne yankinmu ya fi kowa fahimtar wasan. Samanja yakan kwaɓa Hausa da Turanci da buroka a numfashi guda, a ji barikanci inda namiji da mace suke zama ɗaya a bakin mai magana, ƙ da ɗ su miƙe. Bakano na cikin ganuwa zai iya jin wannan a matsayin gwaranci kawai. Mu kuwa mun san masu irin wannan Hausar ido da ido. Aikin madatsar ruwa ta Tiga, da aka kammala a 1974 zamanin Audu Baƙo, ya tara ma'aikata daga sassa daban-daban a ƙasar Bebeji. Haƙar kuza ta daɗe da tara baƙi a Riruwai ta ƙasar Doguwa. Hanyar Jos da ta ratsa daga Kwanar Ɗangora, ta bi Tudun Wada, ta keta dajin Falgore, kullum cike take da direbobi da 'yan kasuwa waɗanda Hausa ce kaɗai ta haɗa su. Wasan ya ɗauki wannan Hausa ta zaman tare ya ba ta kujera a talabijin. Wanda ake dariyar maganarsa shi ne kuma mai gidan, shi ne mai yanke hukunci a ƙarshe, don haka dariyar ba ta zama raini ba.

Ba shi kaɗai ba ne a fagen. Akwai Ƙasimu Yero na Karambana, wanda ya rasu a 2017, da Karkuzu daga Jos, da Kuliya Manta Sabo a Kano, da wasannin da tashar CTV ta gwamnatin Abubakar Rimi ta yi ta fitarwa. Kowanne yana buƙatar nazarinsa daban.

Wanda ya sake kallon Samanja yau zai ga rauninsa, kuma bai kamata ƙauna ta hana mu faɗa ba. Ɗaki ɗaya ne, kyamara ba ta cika motsi ba, wani lokaci hira ta yi tsawo saboda 'yan wasa suna ƙirƙirar magana nan take. Mata sun fi fitowa a matsayin masu ƙorafi ko masu kunna rigima, ba kasafai labarin yake zama nasu ba. Saƙon gwamnati ma yakan fito ƙarara har ya danne wasan. Duk da haka akwai abin da ya riƙe wanda na baya suka sha wahalar riƙewa: hali. Tun daga Turmin Danya a 1990 finafinan bidiyo suka karɓe kasuwa, marigayi Rabilu Musa Ibro ya zo da barkwancinsa mai zafi wanda ya dogara da mutum ɗaya da abin mamakin da zai aikata. Samanja kuwa gida ne da kake komawa duk mako, ka san kowa, ka san abin da zai fusata shi tun kafin a faɗa. Sai da Daɗin Kowa na Arewa24 ya zo aka sake ganin irin wannan doguwar zumunta tsakanin mai kallo da mutanen cikin akwati.

Abin da matasan Doguwa da Kiru suke samu a wayoyinsu yanzu guntaye ne masu dishi-dishi da wani ya ɗora a YouTube. Kaset ɗin da aka naɗi waɗannan wasanni a kai ba ya jure zafi da ƙura da shekaru, 'yan wasan kuma suna ta tafiya ɗaya bayan ɗaya. Ina kira ga NTA Kaduna da Rediyon Tarayya na Kaduna da ARTV ta Kano su buɗe ɗakunan ajiyarsu, su kwafe duk abin da ya saura zuwa kwamfuta, sassan Hausa na Jami'ar Bayero da ta Ahmadu Bello kuma su tura ɗalibai su naɗi hira da ragowar 'yan wasan tun suna raye.