Jinjina ga Mai Saita Na'urar Auna Ƙyalli

Daga cikin ma'abota hidimar ilimi da ba a cika ambatonsu ba, akwai ma'aikacin ɗakin gwaje-gwaje wanda, tun kafin malami ya sami adadin da zai kafa hujja da shi, shi ke zama gaban na'urar auna ƙyalli a faranti mai ramuka 96, ya daidaita fitilarta da matatan haskenta cikin natsuwa da basira. Asalin hikimar kuwa ƙa'idar da George Stokes ya bayyana ce a 1852, cewa sinadari mai ƙyalli yakan sha haske mai gajeren zango, ya mayar da wanda ya ɗara shi tsawo. Saboda haka idan fuloresin ne a ramukan, sai ya zaɓi matacin shiga na wajen nanomita 485, na fita na wajen 520, yana kiyaye kada iyakokinsu su haɗu, domin in sun haɗu, hasken fitilar zenon zai kutsa cikin ma'auni, a karɓi shaidar zur. Baƙin faranti yakan ɗauka, don kada hasken wani rami ya tsallaka zuwa maƙwabcinsa, sa'an nan ya saita ƙarfin ma'aunin bisa ramin da ya fi haske.