SHARHI A KAN MATSAYIN 'YAR SANDA A DOKOKIN NIJERIYA: TSOKACI DAGA TALATA MAFARA DA BAKURA DA MARADUN

1.0 Gabatarwa

Manufar wannan takarda ita ce yin sharhi a kan rubuce-rubuce guda biyu waɗanda suka tsara matsayin mace a aikin ɗan sanda a ƙasar nan, watau Ƙa'idojin 'Yan Sanda na 1968, da kuma Manufar Daidaita Maza da Mata wadda Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya ta fitar a 2010. Ma'aunin da za mu ɗora su a kai shi ne halin da ake ciki a ƙananan hukumomi uku na yammacin Jihar Zamfara, watau Talata Mafara da Bakura da Maradun, waɗanda noman rani na madatsar ruwan Bakolori ya haɗa su, kuma uku daga cikin gwamnonin farar hula na jihar suka fito daga cikinsu.

Abin da muke son tabbatarwa shi ne, akasarin muhawarar da ake yi a kan wannan batu ta tsaya ne a kan haƙƙin macen da ke sanye da kaki, alhali kuwa a yanki irin namu akwai wata macen da aka manta da ita, watau wadda aka zalunta tana cikin gida, ba ta da wanda za ta buɗe wa baki. Idan aka rasa ta farkon a caji ofis, to ta biyun ba ta da ɗan sanda ko kaɗan.

2.0 Waiwaye

Kafin zuwan Turawa dogaran sarki ne suke kama mai laifi. A zamanin En'e kuma aka sami 'yan doka. Dukansu biyu aiki ne na maza. Amma duk da haka, sarautar Hausa ta san akwai inda ƙafar namiji ba ta takawa, shi ya sa fada ba ta rasa jakadiya, wadda take ratsa zaure da shigifa ta isar da saƙo har cikin gida. Haka nan Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, da ta so ilmi ya kai ga matan ƙauye, mata ta naɗa jajis na 'yan taru ta tura musu.

An kafa Rundunar 'Yan Sandan Nijeriya a 1930. Tun a 1944 wata jam'iyyar mata ta Ikko, a ƙarƙashin Oyinkan Abayomi, ta fara neman a ɗauki mata aikin, amma ba a ɗauki rukunin farko ba sai a 1955. Da aka narkar da 'yan doka cikin rundunar tarayya daga ƙarshen shekarun 1960, sai ƙasar Sakkwato, wadda Zamfara ke cikinta har zuwa 1996, ta gaji tsarin da aka ɗinka a wani wuri. Ke nan 'yar sanda ta iso mana ne a matsayin baƙuwa, da dokokin da ba a yi shawara da mu ba wajen rubuta su.

3.0 Ƙa'idojin 1968

Yabon gwani ya zama dole. Ƙa'ida ta 121 ta lissafa ayyukan da aka fi son 'yar sanda ta yi, alal misali binciken laifin fyaɗe, da ɗaukar bayanin mata da yara, da kasancewa a wurin idan namiji zai yi musu tambayoyi, da caje matan da aka kama da raka su da tsaronsu, da kula da taron da mata da yara suka yi yawa a cikinsa. Wanda ya rubuta wannan ya gane abin da sarakunanmu suka gane tun tuni, cewa ciwon 'ya mace na 'ya mace ne.

Sai dai kuma ƙa'idojin da suka biyo baya sun mai da wannan ƙofa ta zama keji. Ta 122 ta ba ta aikin akawu da amsa waya. Ta 123 ta hana ta faretin bindiga da atisayen kulki da na kwantar da tarzoma, wanda kuwa duk aka hana shi tsakiyar aiki, an rage masa hanyar ƙarin girma. Ta 118 ta shardanta cewa wadda za a ɗauka ta kasance ba ta da aure. Ta 124 ta ce idan tana son yin aure sai ta rubuta wa kwamishina takarda, ta faɗi sunan manemin da sana'arsa, kuma ba za a yarje mata ba sai ta shekara uku a bakin aiki. Ta 127 kuwa ta ce a sallami wadda ta yi ciki ba ta da aure. Babu ko ɗaya daga cikin waɗannan da ta hau kan namiji.

Masu sharhi sun daɗe suna nuna zaluncin da ke cikin waɗannan ƙa'idoji ga ma'aikaciya. Abin da ba a cika faɗa ba shi ne illarsu ga ƙasar Hausa musamman. A inda auren budurwa yake hannun waliyyinta, kuma ake yin sa da wuri, wane uba ne a Bakura zai yarda kwamishinan 'yan sanda ya zama shi ne mai cewa i ko a'a ga surukinsa? Wace uwa ce za ta yarda 'yarta ta ƙara shekara uku a bariki ba miji? Saboda haka ƙa'idar da ta takura 'yar Ikko, ita kuwa 'yar Zamfara rufe mata ƙofa ta yi gaba ɗaya.

Kotuna ne suka warware wannan ƙulli ɗaya bayan ɗaya, bisa sashe na 42 na Tsarin Mulkin 1999 wanda ya haramta nuna bambanci. A 2012 Babbar Kotun Tarayya ta Ikko ta soke ƙa'ida ta 124. A 2021 aka kori wata kofur a Jihar Ekiti bisa ƙa'ida ta 127, Kotun Ma'aikata da ke Akure ta ce korar haramtacciya ce a 2023, sa'an nan a 2024 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke ƙa'idar. Ya kamata mahalarta su lura, hukuncin bai halatta alfasha ba. Abin da ya ce shi ne, ba a hukunta mace a kan abin da aka kau da kai idan namiji ne ya aikata.

4.0 Manufar 2010

An tsara wannan manufa da taimakon hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya, da nufi biyu: kawar da bambanci a cikin rundunar, da ƙarfafa ta wajen binciken cin zarafin mata. Ginshiƙinta shi ne a riƙa la'akari da buƙatun maza da na mata a kowane mataki na aiki, tun daga ɗauka da horaswa har zuwa canjin wurin aiki da kasafin kuɗi, maimakon a ware wa mata wani ɗan lungu. Dokar 'Yan Sanda ta 2020, wadda ta maye gurbin ta 1943, ita ma ta haramta bambanci tsakanin maza da mata. Wannan ci gaba ne babba. To amma idan muka ɗora manufar a kan ma'auninmu, za mu ga giɓi uku.

Na farko shi ne hujja. Da Turanci aka rubuta ta, kuma ta fi jingina ga tsarin mulki da yarjejeniyoyin duniya. Waɗannan hujjoji suna da ƙarfi a gaban alƙali, amma ba su ne suke sa magidanci a Maradun ya ba da 'yarsa ba. Hujjar da zai saurara tana nan a gida, watau sutura da kunya. Ko Dokar Bin Bahasin Laifuffuka ta Jihar Arewa ta 1960 ta tanadi cewa mace ce za ta caje mace, kuma kafin a kutsa ɗakin matar da ke kulle sai an sanar da ita an ba ta damar kaucewa. Jihar da ta ƙaddamar da Shari'ar Musulunci a 1999 ita ce ta fi kowace buƙatar macen da za ta cika wannan sharaɗi.

Na biyu shi ne lissafi. Manufar ƙasa ta 2006 ta sa burin ba mata kashi 35 cikin 100 na muƙamai, kuma da irin wannan awo na ƙasa baki ɗaya ake yawan auna nasara. Amma ana iya cika wannan adadi a Abuja da Ikko da Fatakwal alhali babu mace ko ɗaya a bakin kanta a wani ofishin yanki na karkara. Daɗin daɗawa, 'yar sandan da ba ta jin Hausa ko Fulatanci, ko da an kawo ta, sai ta nemi tafinta, tafintan nan kuwa sau da yawa namiji ne. An gudu ba a tsira ba ke nan.

Na uku shi ne tushe. Ba a ɗaukar kurtu sai da takardar gama sakandare mai kiredit biyar, har da Turanci da Lissafi. Ashe ke nan ba a bariki ake haifar 'yar sanda ba, a aji ake haifarta. Wannan ne ya kawo mu ga abin da ya sami makarantun yankin.

5.0 Darasin 2021

Ranar 26 ga Fabrairu, 2021, 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai daga sakandaren 'yan mata ta Jangebe a ƙaramar hukumar Talata Mafara, aka sako 279 ranar 2 ga Maris. A watan Agusta suka faɗa wa Kwalejin Aikin Gona da Kiwon Dabbobi ta Bakura. Ranar 1 ga Satumba suka sace ɗalibai 73 daga sakandaren jeka-ka-dawo ta Kaya a Maradun, abin da ya sa gwamnati ta rufe makarantun jihar a lokacin. Cikin wata bakwai kowace ɗaya daga ƙananan hukumomin nan uku ta ɗanɗana.

Abu biyu muke son mahalarta su duba. Na ɗaya, yarinyar da ta dawo daga daji tana ɗauke da labarin da ba za ta iya faɗa wa mahaifinta ba, balle saje namiji a gaban jama'a. Haka matar da aka tare a hanyar gona ko ta kasuwa. Idan ba a ɗauki bayani ba babu shaida, idan babu shaida babu hukunci, mai laifi kuwa ya san da haka. Na biyu, 'yan matan Jangebe da na Kaya su ne ainihin rumbun da za a ɗebi 'yan sanda mata na gobe. Duk uban da tsoro ya sa ya cire 'yarsa daga makaranta, ya rage yawan masu takardar da runduna ke nema. Rashin tsaro yana hana a sami 'yar sanda, rashinta kuma yana ƙara wa azzalumi ƙarfin hali.

Har ila yau, akwai tsohon miki tsakanin mutanen yankin da kaki, tun daga watan Afrilu na 1980 lokacin da 'yan sandan kwantar da tarzoma suka buɗe wuta a kan manoman Bakolori masu neman diyyar gonakinsu. Rundunar da ke son a riƙa tsegunta mata labari tana buƙatar fuskar da aka sani, mata kuwa su ne suka fi sanin baƙon da ya kwana a unguwa, da gidan da ake dafa abincin da ya fi ƙarfin mutanensa.

6.0 Shawarwari

Wani zai ce aikin bai dace da 'yar Musulmi ba saboda tufafi da cakuɗa da kwanan bariki. Ba mu raina wannan damuwa ba, amma muna ganin ta tsari ce, tana kuma gyaruwa. A watan Maris na 2022 Sufeto-Janar Usman Alkali Baba ya yarje wa mata su rufe kansu a ƙarƙashin hula, shekara 67 bayan ɗaukar mata na farko. Sauran ma ba su gagara ba. Indiya ta buɗe caji ofis na mata zalla a 1973, Burazil ta bi sawu a 1985, don kawai mai ƙara ta sami wadda za ta saki jiki da ita. Bisa wannan muke ba da shawara kamar haka:

(a) A riƙa auna nasarar manufar da yawan ofisoshin yanki waɗanda suke da mace mai jin harshen wurin dare da rana.

(b) A ware ɗaki mai sirri na ɗaukar bayanin mata a kowane caji ofis, da masauki mai mutunci ga ma'aikaciya da iyalinta.

(c) Masarautun Talata Mafara da Bakura da Maradun, tare da malamai da Hukumar Hisba, su shiga gaba wajen bayyana wa iyaye hujjar wannan aiki da Hausa.

(d) A ɗauki tsaron makarantun 'yan mata a matsayin matakin farko na ɗaukar kurata.

(e) Kada a sake killace mace a teburin mata kaɗai. A buɗe mata bincike da shugabanci, domin har yanzu ba a taɓa naɗa mace Sufeto-Janar ba.

7.0 Kammalawa

A taƙaice, Ƙa'idojin 1968 sun gane buƙatar 'yar sanda amma suka ɗaure ta, Manufar 2010 ta kwance ta amma ba ta kawo ta ƙofar gidanmu ba tukuna. Aikin da ya rage namu ne, mu malamai, domin ta hannunmu malaman 'yan matan nan suke fitowa. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Muna fata mahalarta za su faɗaɗa wannan tsokaci da binciken fili a ofisoshin yankin. Allah ya ba ƙasarmu zaman lafiya, amin.