Waƙoƙin Fiyano: Shirme Ne Ko Gado?

Wata tsohuwar gardama ta sake tasowa a tsakanin masu kallon finafinan Hausa, wato maganar waƙoƙin fiyano na shekarun 2000. Abin da ya tono ta kuwa shi ne yadda matasa su ka shiga haƙo waƙoƙin nan su na ɗorawa a YouTube da TikTok. A nan Haɗeja, daga teburin mai shayi har rumfar masu tura waƙa a waya, jama'a sun rabu biyu. Wasu na cewa tun da aka bar wancan kiɗa fim ɗin Hausa ya rasa gishiri. Wasu kuma, musamman dattawa, cewa su ke yi ai dama can ba kiɗa ba ne, hayaniyar inji ce da ta zo ta kashe wa makaɗan gargajiya kasuwa. To, mai karatu, bari mu ɗora maganar a kan sikeli.

Da farko mu tuna yadda abin ya faro. Lokacin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar da Turmin Danya a Kano cikin 1990, babu wanda ya ɗauki waƙa a matsayin ginshiƙin fim. Sai a ƙarshen shekarun 1990, da sutudiyo irin su Iyan-Tama su ka sayo fiyano ƙirar Yamaha, sannan al'amarin ya sauya. Fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya, wanda ya fito a 1999 da Ali Nuhu da Fati Mohammed, shi ya nuna wa furodusoshi cewa waƙa ɗaya tak za ta iya sayar da fim. A wannan shekarar ce kuma Allah ya yi wa Alhaji Mamman Shata rasuwa. Shi ya sa wasu ke ganin kamar a 1999 ne kalangu ya miƙa wa fiyano ragama.

Masu suka su na da hujja, kuma ba ƙaramar hujja ba. Hausa harshe ne mai karin sauti, ga dogon wasali ga gajere. Makaɗin kalangu ya kan matse tsirkiya a hammata ya sassauta, sai gangar ta bi hawa da saukar magana, har ta yi wa mutum kirari ya gane da shi ake. Haka marigayi Haruna Uji, ɗan garin nan, ya ke da gurmin sa: idan ya ja baiti gurmin ya jira shi, idan ya yi sauri ya bi shi. Fiyano ba ta san wannan ladabin ba. Mai kiɗa zai zaɓi bugu ɗaya a cikin inji, ya danna, bugun ya yi ta maimaita kan sa har ƙarshen waƙa. Mawaƙi ne zai bi inji. Nan ne za ka ji an ja wasalin da bai kamata a ja ba, an karya kalma biyu don ta shiga awo, ko a cusa wata kalma marar ma'ana don dai a cike gurbi.

Hujja ta biyu ita ce wankiya. Mutanen da su ka tashi da kallon finafinan Indiya a silimun Kano irin su Marhaba da Plaza su ne su ka zama mawaƙan fim, don haka da yawa su ka riƙa ɗauko karin waƙar Indiya sukutum su na ɗora masa Hausa. Hatta siririyar muryar da mata ke yi, ta Lata Mangeshkar ake kwaikwayo. Ta uku kuma ta fi shafar mu 'yan sharhin fim. Da waƙa ta zama ita ce kasuwa, sai labari ya koma ɗan rakiya. A na tsakiyar rigimar gado ko zaman makoki, sai kawai ka ga yaro da yarinya a cikin lambu sun sauya kaya sau biyar. Wannan aibi ne, kuma babu son tuna baya da zai wanke shi.

Amma fa duk da haka, ni a gani na masu cewa shirme ne zalla ba su yi adalci ba. A tsarin gargajiya kiɗa sana'ar gado ce, kuma a haɗe ta ke da roƙo. Ɗan malami ko ɗan attajiri bai isa ya rataya ganga ba. Fiyano ce ta raba waƙa da roƙo. Yaro mai murya zai shiga sutudiyo a Kano ya rera, a biya shi ladan sa, ba tare da ya durƙusa a ƙofar wani ya wasa shi ba. Ta wannan ƙofa ne irin su Misbahu M. Ahmad, Sadi Sidi Sharifai, Yakubu Muhammad, Rabi Mustapha, Maryam A. Baba da Fati Nijar su ka fito. Ka lura da yawan mata a cikin su. Sannan sunan "nanaye" da aka laƙa wa waƙoƙin don raini, ai daga amshin waƙoƙin 'yan mata na dandali ya samo asali. Ke nan ko da kan kiɗan na Indiya ne, ƙafar sa ta na cikin gaɗa.

Kuma laifin na injin ne ko na mai riƙe da shi? Aminu Ladan Abubakar, wato Ala, da wannan fiyanon ya yi waƙoƙin da malaman jami'a ke nazari a kan su, domin shi ya san awon baiti kafin ya shiga sutudiyo. A Nijar, Mamman Sani ya naɗi kiɗan gargajiya da fiyanon lantarki tun 1978. Ko a Ingila ma an yi irin rigimar mu: a 1982 wani reshe na ƙungiyar makaɗan ƙasar ya nemi a hana amfani da injinan kiɗa don kada su raba mutane da abincin su. Yau kiɗan wancan zamani abin tinƙaho ne a wurin su. Mu kuwa sai da wani kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya tattara waƙoƙin finafinan mu ya fitar a faifai mai suna Harafin So a 2013, sannan wasu su ka fara yarda akwai abin sauraro a ciki.

Dangane da zargin kashe gargajiya, gaskiya ne an taɓa tuwon makaɗa. Bikin da a da za a kira masu kalangu a Auyo ko Malam Madori ko Kafin Hausa, yanzu DJ ake kira da lasifika da janareta. Sai dai ranar hawan Sallah a ƙofar fadar Haɗeja har gobe tambari da algaita da kakaki ne ke magana, babu fiyanon da ta isa ta leƙa wurin. Inda gargajiya ke da mai ɗaukar nauyin ta, ta na nan daram. Inda ta faɗi, mu ne mu ka daina kira mu biya.

Abin da ya fi damu na shi ne, mu na ta musu alhali kayan musun na salwanta. Yawancin waƙoƙin nan a kaset da faifan CD su ke, waɗanda zafi da ƙura da damshin fadama ke cinyewa. Gidaje nawa ne ambaliyar 2020 da ta 2022 su ka shafe a masarautar nan, da akwatunan kaset a ciki? Abin da ke intanet kuma sau da yawa babu sunan mawaƙi, babu na wanda ya buga fiyano, babu shekara, sai hoton jarumin da ya motsa baki kawai. Haka kaset ɗin Haruna Uji ke neman zama, mai shi ma sai an tona.

Hukunci na dai shi ne: mafi yawan waƙoƙin fiyano an yi su ne don cin kasuwar mako guda, kuma sun mutu da kasuwar. Amma akwai tsiraru da su ka cancanci zama a kundin waƙar Hausa, kusa da na magabata ko da ba a sahu ɗaya ba. Ba za mu iya tace tsaba daga tsakuwa ba sai mun adana duka. Ƙalubale ga Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano, da Sashen Harsunan Nijeriya na Jami'ar Bayero, da su kan su furodusoshin da ke da asalin faifan: a tattara, a rubuta sunan kowa da aikin sa tun masu abin na da rai. Allah ya sa su ji.