Addu'ar Uwa a Lokacin Fushi

Akwai masu cewa addu'ar da iyaye ke yi wa 'ya'ya ta zama mafakar ragwaye: uba ya saki yaro a titi, ya koma kan buzu yana roƙon shiriya. Wasu kuma ba sa ganin addu'a ta cika sai da Larabci, an haddato ta daga littafi ko an turo ta ta WhatsApp. Dukkansu ba su tsaya sun saurari abin da uwa ke faɗa a tsakar gida ba.

Tushen abin sananne ne. Annabi Ibrahim ya roƙi ɗa salihi a Suratus Saffat, aya ta 100, Annabi Zakariyya ya roƙi zuriya tagari a Ali Imrana, aya ta 38. Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito cewa addu'ar mahaifi a kan ɗansa na cikin uku da ake amsawa. Mu kuwa tun ranar suna muke farawa da "Allah ya raya".

Amma wadda ta fi burge ni ita ce ta lokacin fushi. Yaro ya kifar da tukunyar miya, ko ya fasa wa ƙaninsa baki. Ran uwa ya ɓaci, tsinuwa ta zo mata har kan harshe, sai ka ji ta ce, "Allah ya shirye ka!" Muryar ta faɗa ce, idon ma na faɗa ne, kalmomin kuwa roƙon alheri ne. Ba ta ɓoye fushin ba, yaro ya san ya yi laifi. Ba ta kuma kira shi ɗan banza ba, ta dai nuna masa ya kauce hanya kuma ana jiran dawowarsa. Ta tsare kanta daga abin da hadisin Jabir a Sahihu Muslim ya hana, wato yi wa 'ya'ya mugun baki, kada a dace da sa'ar amsawa. Wanda ya san labarin Juraiju, mai ibadar nan da bakin uwarsa ya kama, ya san ba wasa ba ne. (Iyaye maza, a gaskiya, ba su kai mata iya wannan ba, sun fi saurin ɗaga hannu.)

To ina ragwancin a nan? Haɗiye tsinuwa ya fi ɗaukar bulala wuya. Masu Larabci kuma, ba wanda ya raina addu'o'in Alƙur'ani, su ne gaba. Sai dai wadda aka karanta a asirce bayan sallah tsakanin bawa ne da Ubangijinsa, wannan kuwa a kunnen yaro ake yin ta, da harshen da yake ji, a daidai lokacin da yake jiran zagi. Ni a ganina ita kanta tarbiyya ce, domin yaron da ya tashi yana jin ta, ita zai faɗa wa nasa 'ya'yan.

Don Allah iyaye, a ci gaba da yin ta a fili, yara suna ji.